Abin da ke sa hotunan yara fitowa dishi-dishi

Na gaji da amsa tambaya guda. Sabon shiga ya ɗauki yara suna guje-guje a ƙofar gida ranar Sallah, ya turo min yana cewa ko kyamararsa ce ta lalace. In ka duba hoton, bango ya fito tsaf har tsagar siminti ana gani, amma fuskar yaron da hannunsa sun shafe. Kyamara lafiyarta ƙalau. Duk hoton da abin da ke tsaye ya fito, mai motsi bai fito ba, shota ce ta yi nawa.

Shota ita ce labulen da ke buɗewa ya rufe a cikin kyamara. A 1/60, wato kashi ɗaya cikin sittin na sakan, ɗan lokacin da take buɗe ya ishi yaro ɗan shekara huɗu ya juya kai. Ni ga manya da ke zaune suna hira ba na sauka ƙasa da 1/250. Yara masu kai-komo 1/500. In tsere suke, ko suna watsa wa juna ruwa a bakin Matan Fada a Argungu, 1/1000. Wasu abokan sana'a na cewa na cika tsanani, amma haka nake aiki. Ka juya kyamara zuwa Tv in Canon ce, ko S in Nikon ko Sony ce, ka kafa saurin da kanka.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tsoron ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske in an ɗaga ta. An cusa muku cewa ISO 100 shi ne hoto mai tsabta, kun riƙe kamar karatun allo. Na taɓa tura yaron shagona ɗaukar suna a Jega. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya, kakar jaririn da ta taso daga Yauri ta rungume shi tana dariya, jikoki sun zagaye ta. Yaron ya bar ISO a 100, inuwa ta yi yawa, kyamara ta sauke shota zuwa 1/40 bai lura ba. Da na kai hotunan, maigidan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, wanga hoto mi ya same shi? Ina idon Inna?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri," na mayar masa da kuɗinsa. Gidan nan ba su sake kirana ba. Da yaron ya ɗaga ISO zuwa 1600, a wannan inuwar dai zai samu 1/640. Eh, hoton zai ɗan yi yashi-yashi in an buɗa shi a kwamfuta, amma ana rage wannan wajen gyara, kuma in an wanke hoton da wuya mai gida ya gani. Fuskar da motsi ya shafe kuwa, ban ga manhajar da ta dawo da ita yadda take ba. To me kuke tattali?

Sai masu dogara da IS ko VR da ke rubuce jikin lensi. Wannan rawar hannunka kawai yake gyarawa, ba ya tsayar da yaro. Haka ƙa'idar nan ta cewa lensi mai 200mm yana son aƙalla 1/200, ita ma don hannunka aka yi ta. In kuma kyamararka mai ƙaramin sensa ce, wato farantin da ke karɓar haske a ciki, ka kai shi 1/320.

Kada ka buɗe lensi a f/1.8, wato ƙofar haskensa a wangale, kan mutum shida da ba layi ɗaya suke ba, na baya ba za su fito ba, ni f/5.6 nake sawa. Fokas ya kasance mai bin motsi, AI Servo ko AF-C, ka ɗora shi kan ido. Lokacin hunturu ƙura na kwanciya kan gilashi ta dusashe hoto, ka fara hure ta kafin ka goge, kuma ba da bakin riga ba.

Rana kuma in ta yi sanyi a nan ba ta jira, saitin ƙarfe biyar ba zai kai ka shida da rabi ba. Shi ya sa nake barin ISO a Auto, na kafa masa iyaka a 6400, ina leƙa lambar shota lokaci-lokaci. Kafin ka bar gidan biki ka buɗa hoton a allon kyamara har ido ya cika shi, don a ɗan ƙaramin allon nan kowane hoto kyau yake yi. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ya rage masa kaifi.