Ku riƙa sauraron kajinku

'Yan uwa masu kiwo, kaza ba ta kuka a banza. Kyarkyarar da take yi da ƙarfi tana fitowa daga akurki, yawanci ƙwai ta saka, sai a je a ɗauka kafin a fasa. Wadda ta buɗe gashi tana gurnani in ka kai hannu kuwa kwanci take, a bar ta ta cika kwana 21 ɗinta.

Zakara kuma ba cara kaɗai ya iya ba. In ya ja wata doguwar ƙara mai kaifi, kaji suka ruga maɓoya, shaho ko shirwa ya hango a sama. Wannan "tuk-tuk" ɗin da yake yi yana ɗaga tsaba yana saki, kiran matansa yake su zo su ci.

Amma ni abin da na fi sa wa kunne shi ne dare. Ku je bakin akurki bayan sun kwanta, ku yi shiru. In kun ji minshari ko atishawa, ciwon numfashi ne, ku ware mai yin nan take, ku nemi likitan dabbobi. 'Yan tsaki kuma in sun cure wuri ɗaya suna tsiyo-tsiyo ba ƙaƙƙautawa, sanyi suke ji, a ƙara musu ɗumi.