Yadda girman kamerarka ke buɗe maka ƙofa ko rufe ta in kana ɗaukar bidiyo a Yamai

Duk wanda zai fara ɗaukar bidiyo cikin gari, tambayarshi ɗaya ce, wace kamera ta fi fitar da hoto tas, 4K ce ko mi. To mutanen da za ka ɗauka ba ruwansu da 4K ɗinka wallahi, girman abin da ke hannunka suke kallo, kuma kafin ka yi sallama sun riga sun yanke ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. Wannan shi ya kamata ka fara lissafawa tun kana gida kana shirya jaka.

Waya, ko Tecno ce ko Infinix ko iPhone, ba ta tada hankalin kowa saboda kowa na da irinta a aljihu, za a ɗauke ka ɗan TikTok ko mai nuna ma ɗan'uwanshi da ke Libiya ko Abijan yadda gari yake. Ƴar kamera matsakaiciya irin su Sony ZV-E10 da gajeren gilashi, ita kuma mai hoton biki za a ce da kai, a ɗan dube ka a wuce. Amma ranar da ka fito da babba, ga dogon gilashi ga mikro mai gashi bisa kanta ga tirepiye, wato ƙarfe mai ƙafa uku da ake ɗora kamera bisa, ga yaro biye da kai da jaka, to ka zama ɗan tele ko ɗan porje, ko ka so ko ka ƙi. Nan take yara za su zagaye ka suna leƙen gilashi, mai shago ya gyara hula ya daina maganar da yake yi ya koma irin maganar da ake yi ma Tele Sahel, wata ta ja mayafi ta rufe fuska, wani kuma ya matso ya ce "nawa za a ba mu", don shi a ganinshi ba a ɗauko kaya irin wanga sai da kuɗi a baya. Rayuwar da ka zo ɗauka ta watse tun ba ka danna komi ba.

Kuma in ka lura da kyau ba jikin kamerar ne babban mai tona ka ba, tirepiye ne. Muddin kana tafe da abu a hannu kai mai wucewa ne, da ka kafa ƙafa uku a ƙasa ka tare hanya to ka ci wurin wani, kuma a kasuwa ko wane taku na ƙasa da mai shi. Shi ya sa nike ba da shawara, in cikin mutane za ka shiga, ka rage kaya iya iyawarka. Cire murfin ranar nan da ke ƙara ma gilashi tsawo, cire ƙarfen da ake zagaye kamera da shi, bar mikro mai gashi a gida ka ɗauki ƙaramin maras waya irin Rode Wireless GO ko DJI Mic da ake maƙala ma mutum a wuyan riga, sauti ma ya fi fita da shi cikin hayaniyar babura. Madadin tirepiye ka rataya igiyar kamera a wuya ka ja ta har ta miƙe, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, hoto zai tsaya daidai gwargwado.

Sai dai akwai tarkon da masu ƙananan kamera ke faɗawa, kuma shi ya fi damuna. DJI Osmo Pocket 3 da ta fito a 2023 ba ta kai gram 200 ba, tana ɓacewa cikin tafin hannu, GoPro kuma ana ɗaure ta a ƙirji, sai mutum ya ga ai ba mai ganinshi bari ya yi ta ɗauka shiru. Kar ka yi. Babbar kamera ko ba komi ta faɗi kanta, wanda bai so sai ya kauce. Ƙaramar da anka ɓoye in anka gano ta ba wanda zai ce mai bidiyon YouTube ne, leƙen asiri za a ce, kuma tun bayan canjin mulki na 26 ga Yuli 2023 idon mutane a buɗe yake ƙwarai kan baƙon abu, ga matsalar tsaro da ƙasa ke ciki. Taron jama'a in sun zarge ka ba su tsayawa karanta takarda. Don haka ƙaramar kamera ka riƙe ta a sarari, a tsayin fuska, kowa ya ga kana ɗauka.

Izini iri biyu ne, na baki da na takarda. Na baki ko da waya kake sai ka neme shi. Ɗauki misalin kasuwar Katako wajen masu narka alminiyom suna zuba tukwane. Ka iso kamera na cikin jaka, ka yi sallama, ka nemi babban wurin ba yaron da ke hura wuta ba, ka ce "Baba sannu da aiki, ina gajiya", in Bazabarme ne ko "fofo" kaɗai ka iya ka faɗe ta. Ka tsaya ka kalli aikin tukuna, ka tambayi yadda ake danna yashi a jikin tukunya kafin a zuba narkakken ƙarfe, in akwai shayi bisa wuta ka zauna ka sha. Sannan ka ce "Baba ina son in ɗauki aikin nan in sa a Facebook mutane su gani, in ka yarda, in ba ka son fuskarka ta fito sai in ɗauki hannu kawai". Ka faɗi inda za ka sa shi, wannan haƙƙinshi ne ya sani. In ka ɗauki minti guda ka juya mishi allon ya ga kanshi, daga nan shi da bakinshi zai kira sauran ya ce ku zo ku gani, har ya nuna maka inda ya fi kyau ka tsaya lokacin da za a fasa yashi tukunya ta fito tana hayaƙi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a aikin nan kullum haka take. In kuma ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce, kar ka koma nesa ka jawo shi da zum, za a gan ka, kuma ka ɓata ma duk mai kamerar da zai zo bayanka.

Mata ka fi yin hattara. "Hajiya ko Inna, in ɗauki kayan miyar nan?" daban yake da ɗaukar fuskarta, tambayi ko wanne daban. Yara sai da yardar babba, almajirai da marasa lafiya da masu bara kuwa ni dai ban ga dalilin da zai sa a maida wahalarsu abin neman laik ba.

Na takarda yana shigowa ne da zarar aikin ya yi kama da sana'a, fim ko dokimanter ko talla ko kilip, da ma'aikata da kaya. Fim da dokimanter ka fara da Cibiyar Sinima ta Ƙasa, CNCN, wadda anka kafa a 2008. Aikin jarida, musamman na kafar waje, ta ma'aikatar sadarwa yake bi. In za ka tare titi ko fili ka je ma'aikatar magajin gari, Yamai gunduma biyar ce, ka nemi wadda wurin ke ciki, cikin unguwa kuma ka gaida mai unguwa. Babbar Kasuwa da kasuwar Wadata suna da ofishin masu kula da su, Gidan Tarihi na Boubou Hama ka tambaya tun a bakin ƙofa wajen tikiti mi ake yi game da kamera. Wasiƙar ka rubuta ta da Faransanci, sunanka, ranaku, wuraren da za ka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, mutum nawa, wane kaya, ina za a nuna. In anka buga mata hatimi ka yi fotokofi da yawa, ta asali ta zauna cikin jaka tare da katin ɗan ƙasa. Kuma ka je da wuri, kar ka kai takarda yau ka ce gobe da safe za ka ɗauka.

Akwai wuraren da girman kamera ba ya aiki sam, ko waya ce ka maida ta aljihu: barikin soja, komisariya da jandarmeri, shingen bincike, wajen fadar shugaban ƙasa a Plateau, ofisoshin jakadanci, filin jirgin Diori Hamani, ayarin motocin soja in suna wucewa. Gadoji ma haka, Gadar Kennedy da faɗuwar rana bisa kogi kowa na sha'awarta, amma ka fara tambayar jami'in da ke wurin kafin ka ɗaga hannu. Diron kuma, wato ƙaramin jirgin nan maras matuƙi mai kamera, maganarshi daban ce gaba ɗaya, kar ka ji a YouTube ana cewa DJI Mini gram 249 ne ba ya son rajista, wannan zancen dokar Amurka ne, nan ka je hukumar jiragen sama ANAC ka nemi izini a rubuce, in babu ka bar shi cikin kwali.

In anka tsayar da kai, sauke kamera ƙasa, kar ka gudu kar ka shiga danne-danne kamar mai goge wani abu. "Shef sannu da aiki", ka miƙa kati da takarda, ka buɗe abin da ka ɗauka ka nuna da kanka tun ba a tambaya ba. In ya ce goge wanga, goge, daƙiƙa talatin na bidiyo ba su kai kwana a komisariya ba.

Sannan ka san izinin ɗauka bai rufe maganar yaɗawa ba. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda anka gyara a Yuni 2024, ta tanadi ɗauri na shekara 2 zuwa 5 ga wanda ya yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam, kuma hukumar HAPDP tana nan kan kare bayanan mutane, fuskar mutum da muryarshi na ciki. Don haka lokacin haɗa bidiyo ka sake kallo a natse, lambar mota, fuskar wanda ya ratsa bai sani ba, kakin soja can a baya da ba ka lura da shi ba, duk ka yanke ko ka dusashe. Wanda kuma ya yarda ka ɗauke shi, karɓi lambarshi ka tura mishi ta WhatsApp kafin ka sa a Facebook, in ya ce cire wuri kaza ka cire.