Ɗura, kwantarwa da ƙaton cokali: kurakuran da muke yi wa yaron da haɗiya ke ba wahala

Ranar awo ce a ɗan asibitinmu na ƙauye can gefen Ringim, wata baiwar Allah ta zo da yaronta ɗan wata 20, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, tace a bana kaɗai sau uku ana masa allurai na nimoniya, ya warke ya koma. Nace Yaya ba shi kunun nan na gani. Wallahi tana kwantar da shi a cinya ta tara hannu a bakinsa ta fara tsiyayawa, kakarsa kuma ta kai yatsu zata toshe masa hanci, na gane inda tarin yake fitowa. Nace Inna dan Allah dakata. Tace ke yarinya haka muka raini ubansa ai. Kuma gaskiya ta faɗa, sai dai uban lafiyayye ne, shi kuwa wannan tun haihuwa da aka sha doguwar naƙuda bai yi kuka da wuri ba, har yau wuyansa bai gama tsayawa ba.

Abin da nake so iyaye mata su fara riƙewa kenan, akwai yaron da ba ƙin abinci yake ba, kasawa yake yi. Haɗiya aiki ne na leɓe da harshe da maƙogwaro da numfashi duk a lokaci ɗaya, kuma hanyar abinci da hanyar iska maƙwabtan juna ne a wuya, akwai ɗan murfi da yake rufe ta iskar daidai lokacin da loma zata wuce. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu wajen haihuwa, ko shawara ta kama shi da ƙarfi yana jariri, ko sanƙarau ya taɓa shi, ko bakwaini, ko wanda aka haifa da tsagar leɓe da ganda, wannan aikin baya tafiya masa daidai. Sai kunu ya ɓalle ya bi hanyar huhu.

To ɗura ita ce uwar kurakuran. Kin toshe hanci, yaro yana ihu, dole ya ja iska ta baki, bakin kuma cike da koko, ina kike so kokon ya tafi? Wani ya shiga ciki wani ya gangara huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da tari, a ce sanyi ne ya kama shi a hana shi wanka. Bayan haka kuma yaron ya tsani abinci gaba ɗaya, da ya hango kofi sai ya fara banƙarewa, ke kuma ki ce kin gani ko, in ba ɗura ba baya ci, alhali ɗurar ce ta koya masa tsoron. Gyaran shi ne a daina, gaba ɗaya, ba a rage ba. Ƙaramin cokali, rabinsa ma ba cike ba, ki nuna masa ya gani, ki jira ya buɗe baki, ki ɗora a tsakiyar harshe ki ɗan danna kaɗan, ki bari leɓensa ya kwashe da kansa kar ki kankare a haƙoran sama. Sai ki jira ki ga maƙogwaron ya motsa, ki leƙa bakin ba saura, sannan na gaba. Na san zaki ce yaushe zan gama ga surfe ga ɗiban ruwa. Ba zama ɗaya ake so ba ai, kaɗan kaɗan sau biyar ko shida a yini, kowane zama kar ya wuce minti 30, domin in ya gaji haɗiyar ƙara lalacewa take yi, kuma ƙarfin da ya ƙona wajen fama ya fi abin da ya ci.

Sai kwantarwa, da ɗaga haɓa sama wai don abincin ya wuce da sauri. Ki gwada da kanki, ki ɗaga kanki sama ki kalli rufin ɗaki ki haɗiyi miyau, zaki ji yadda yake wahala. Ɗaga kai buɗe hanyar iska yake yi. Yaro a zaune ake ba shi, kai a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuyo kaɗan wajen ƙirji, ƙugu a lanƙwashe, ƙafa ta samu inda ta taka. In baya iya zama ki zaunar da shi a cinyarki ki tare ƙeyarsa da damtsenki, ko ki sa shi a kusurwar ɗaki ko cikin kwali mai ƙwari ki naɗe zani kamar gammo ki tokare gefe da gefe. Na ga wadda kafinta ya haɗa mata 'yar kujera da katako, kuɗin bai kai na kwanciya asibiti kwana ɗaya ba. Ke ma ki zauna daidai fuskarsa, in kina tsaye a kansa dole ya ɗaga kai ya kalle ki. In an gama kar a kwantar da shi sai bayan kamar rabin awa, yawancinsu suna da tumbuɗi.

Wanda yafi ba mutane mamaki shine maganar tsinkakken koko. Kowa gani yake abu mai ruwa ruwa yafi sauƙi ga mara lafiya, sai a tsinka kokon ya koma kamar ruwan wanke ƙwarya. Ga yawancin yaran nan ruwa ne yafi ƙware su, saboda gudu gare shi, kafin murfin nan ya rufe ya riga ya wuce. Abu mai kauri mai laushi, wanda zai zauna a cokali in kin karkata ya zame a hankali, shi yafi basu lokaci. Kuma tsinkakken koko ba komai a cikinsa sai cika ciki, shi yasa zaki ga yaro yana sha kullum yana ramewa. Ki dama da kauri, ki sa garin gyaɗa ko na waken suya da aka soya, ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, madara in da hali. Kabewa, dankalin Hausa, wake da aka surfe aka cire ɓawo, dafaffen ƙwai, ayaba, duk a murƙushe a tace da rariya in akwai gudaji. Abin da za a guda shine haɗin ruwa da tsaki a cokali ɗaya, irin fura da ba a dama ta mutu ba ko shinkafa tana iyo a romo, bakinsa baya iya lura da abu biyu lokaci guda. Amma fa jariri ƙasa da wata 6 nono ne kawai, kar wadda ta karanta wannan ta je ta kaurara wa jinjiri wani abu, shi sai likita ya gan shi. Ruwan sha kuma ba a hana yaro, a ba shi kurɓi kurɓi a ƙaramin kofi yana zaune, ba a kafa masa moɗa ba.

Masu ba yaro madara a fida, wato kwalbar shayarwa, kuma su kan ƙara huda bakin da reza ko allura mai zafi don madara ta zubo da yawa. Ɗura ce wannan ma, ta roba. Jariri mai tsagar ganda baya iya zuƙa sosai, a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali yana tsaye a jiki, ana yawan sa shi gyatsa. Kuma tsagar nan ana ɗinke ta, leɓe tun daga wajen wata 3 in nauyinsa ya kai, ganda kuma wajen shekara ɗaya, ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin aikin kyauta a asibitoci da dama a Najeriya, don haka ɓoye yaro a ɗaki saboda kunyar dangin miji asara ce kawai.

Akwai wanda kina sa cokali sai harshe ya turo abincin waje, ko ya dantse cokalin ƙam. Uwa tace rashin ji ne, har da ɗan mari. Ba da gangan yake ba, jijiya ce. Kar ki fizge cokalin, ki jira ya saki, kuma ki canja na ƙarfe da na roba mai ƙwari mara zurfi don kar ya ji ciwo a dasashi.

Maganar wanzami kuwa na san zan sha surutu. Yaro baya haɗiya, yana amai, sai a ce beli ne a kai a cire. Belin nan kowa da shi aka haife shi, yana ma cikin abin da yake taimakawa wajen rufe hanyar hanci in ana haɗiya. An yanke, jini ya zuba, maƙogwaro ya yi ciwo, yaron da dama da ƙyar yake ci yanzu ko nono ya ƙi, ga haɗarin tetanos in aska ba tsafta. Haka maganin cin abinci na kemis, da yawansu barci suke sawa, yaro mai gyangyaɗi kuwa yafi saurin ƙwarewa. Addu'a a yi ta ba dare ba rana, amma ko rubutu ne ko jiƙo kar a ɗura.

Wani kuskuren shine jiran sai an ji tari. Wasu yaran abinci yana shiga huhunsu shiru ba tari ko ɗaya. Ki lura da idonsa in yana kawo ruwa lokacin ci, murya ta koma kamar mai kurkure baki, ƙirji yana ƙugi bayan ya gama, fuska ta canja launi, zazzaɓi yana yawan dawowa. In yana kwance shiru ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, daga wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, daga shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko kika ga ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki, ba zancen sai ranar kasuwa a samu mota, a tafi yau. Ranar awo kuma ki ce a auna damtsensa da tef ɗin nan mai kala, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, akwai madarar gyaɗa ta leda da ake bayarwa, sai dai ki gaya musu yana da matsalar haɗiya don su nuna miki yadda zaki ba shi, tana da danƙo.

Masu koyar da haɗiya da magana ba su da yawa a ƙasar nan, amma a nemi takardar turawa zuwa manyan asibitoci, na Malam Aminu Kano ko na yara na Hasiya Bayero, mu nan Jigawa kuma Rasheed Shekoni a Dutse ko na tarayya a Birnin Kudu, a ga likitan yara da masu gashin ƙashi, su ne zasu gyara masa zama da riƙon wuya. Ki tafi da kofinsa da cokalinsa da abincin da kika saba ba shi ki ciyar a gabansu, yafi dogon bayani. In suka ce a sa robar ciyarwa ta hanci kar a gudu da yaro cikin dare, mutanenmu suna ganin roba kamar alamar an gama ne, alhali hutar da huhu take yi har ya yi ƙarfi, da yawa ana cirewa su koma ci da baki.

Gyaɗa, aya, gurjiya, alewa, ƙwallon dabino, a hana yayyensa miƙa masa, ko lafiyayyen yaro ƙasa da shekara 5 bai kamata a ba shi gyaɗa ɗai ɗai ba balle shi. In ya shaƙe yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi tarin, kar a ba shi ruwa, kar a zura yatsa ana lalube. In sauti ya ɗauke, jariri ki kifa shi a hannunki kai ya yi ƙasa ki buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, ki juyo shi ki danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5, ki yi ta maimaitawa wani yana nemo mai mashin. Wanda ya wuce shekara bayan bugun bayan sai ki zagayo ta bayansa ki sa dunƙulen hannu saman cibiya ki ja ciki da sama.

Bakin ma a riƙa goge masa safe da dare, saura abinci yana maƙalewa a kumatu da ganda, in ya ruɓe miyan da yake gangarawa huhu sai ya tafi da ƙwayoyin cuta. Ita waccan Yayar da na fara da ita, wata biyu bayan nan ta dawo awo da kakar tare, nauyin ya ɗan motsa, kuma kakar ce ma take riƙe da cokalin roban a ƙulle a bakin zaninta, tana ta mita wai yanzu ita aka bar wa ciyarwar rana saboda ta fi kowa zaman gida.