Yadda nake bin layin tikiti a intanet har in samu

Shekarata shida a Landan, kuma duk lokacin da babban mawaƙi zai yi wasa a ɗakin O2, ni ƙannena da abokan aiki suke kira in kama musu layi. Ɗakin na ɗaukar mutum kusan 20,000, masu nema kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. A 2021 tikitin daren farko na Wizkid cikin minti 12 ya ƙare.

Tun daren jajibiri ake fara aikin. Ka shiga asusunka a shafin da zai sayar, ka gwada kalmar sirri, ka ajiye bayanan katin banki. Wayar da banki ke turo maka saƙon amincewa ta kwana a caji. Wannan da zafi na koya. Na taɓa kaiwa wurin biya da kujeru biyu a hannu, agogon shafin yana cin mintocina, sai aka ce in amince a waya, ita kuwa ta mutu a aljihun rigar sanyi. Kafin ta farfaɗo kujerun sun tafi. Ƙanwata ta ce, "Ba komai, Yaya," amma na ji muryarta.

Da safe ka shiga ɗakin jira na shafin kamar minti 15 kafin lokacin fara sayarwa. A shafuka da yawa ba wanda ya riga zuwa ake fara sallama ba. Da lokaci ya cika sai a yi wa duk wanda ke ciki ƙuri'a, wanda ya makara kuma ya tsaya bayansu. In daga Najeriya kake saye, ka tuna lokacin sanyi Ingila tana bayanmu da awa ɗaya. Na'ura ɗaya, shafi ɗaya, ka kashe VPN, manhajar da ke ɓoye inda kake. Mai buɗe shafi biyar da asusu guda ana iya ɗaukarsa mutum-mutumin 'yan bumburutu a kore shi.

Daga nan sai haƙuri, kuma a nan mutane suka fi faɗuwa. Za ka ga an rubuta mutum 30,000 ne a gabanka, lambar ta ƙi motsi, hannunka ya riƙa ƙaiƙayin sabunta shafin. Kada ka taɓa shi, don kana iya komawa ƙarshen layi. Ni nakan hana allon kwamfuta yin barci, in haɗa shayi, in zauna. Da yawa daga waɗanda ke gabanka za su ga farashi su fita, wasu katinsu zai ƙi, wasu lokacin biyansu zai ƙare. Duk kujerar da aka riƙe ba a biya ba dawowa take yi. Shi ya sa ko ka shiga ka tarar an ce babu, ka ci gaba da duba taswirar ɗakin na minti 20 ko 30. In kujera ta fito, kama ta. Ba lokacin shawara da mutanen gida ba ne.

Abu ɗaya nake so ka yanke tun kafin ka shiga: iyakar kuɗinka. Ranar 31 ga Agusta 2024 masu neman tikitin Oasis, ƙungiyar mawaƙan Ingila, sun shafe sa'o'i a layi, suka iso suka tarar na kusan fam 150 ya haura fam 350. Wanda ya gaji da jira da wuya ya iya cewa a'a. Rubuta adadin a takarda, ka manna a gefen allo.

In ka rasa, kada ka bi masu tallar tikiti a Instagram, kada kuma ka je ƙofa ba tikiti. Turmutsitsin ƙofar ɗakin wasa na Brixton, a Landan, a Disamba 2022 ya ci rai biyu. Ka sa ido kan sanarwar ƙarin dare, kamar yadda Wizkid ya ƙara biyu a 2021, da kuma sashen da masu fasa zuwa ke mayar da nasu a shafin asali. A can na samo wa ƙanwata nata, kwana uku kafin wasan.