Yadda zaka ziyarci kogon Jeita a Labanan ka shiga tafkin da ke ƙarƙashin ƙasa

In Allah Ya kai ka Bairut, don Allah kar ka dawo baka je Jeita ba. Wajen kilomita 18 ne arewa da birnin, a kwarin kogin da suke kira Nahrul Kalb, tasi zata kai ka cikin abinda bai kai awa ɗaya ba in babu cunkoso. Amma kafin ma ka sayi tikitin jirgi ka fara bin labarai ka san halin tsaron ƙasar, in kana da sanayya da 'yan Labanan ɗin nan namu na Kano ka tambaye su, su suka fi kowa sanin abinda ake ciki a gida.

Abu mafi muhimmanci shine lokacin zuwa. Kogon kashi biyu ne, na sama da na ƙasa, kuma na ƙasan shine mai ruwan, da kwale-kwale ake shiga. To lokacin sanyi ruwa yana cika sosai har a rufe shi, kaga in kaje a lokacin kayi asarar rabin tafiyar kenan. Ka bari sai lokacin zafi, kuma ko a lokacin ka kira ka tabbatar a buɗe yake ranar da zaka je.

Da ka biya kuɗin shiga akwai wata 'yar mota mai tafiya a jikin waya da zata hau da kai sama. Nan zaka ajiye wayarka a akwati mai makulli don an hana ɗaukar hoto a ciki, kar ka tsaya jayayya da ma'aikata ko kace zaka ɓoye ta a aljihu, ni gaskiya wannan dokar ta min daɗi don tana sa mutum ya buɗe ido ya kalli ikon Allah da kyau. Tafiyar ƙafa ce ta kusan mita 750 a kan hanyar siminti da aka gyara. Zaka ga duwatsu sun zubo daga sama kamar kyandir ɗin da ya narke ya daskare, ɗigon ruwa ne ya gina su kaɗan kaɗan cikin dubban shekaru, akwai ɗaya ma da tsawonsa ya wuce mita 8. Kar ka taɓa su fa, maiƙon hannu yana ɓata su.

Daga nan ka gangaro na ƙasa. Sanyi ya fi yawa a nan, wajen digiri 16 ne, don haka ka tafi da rigar sanyi ko da waje ana zuba rana, kuma ka sa takalmi mai kama ƙasa, silifas zasu iya kada kai don ko'ina a jiƙe yake. Kwale-kwalen da lantarki yake aiki, baya ƙara, za'a zaga da ku wajen mita 500 ne kawai, minti kaɗan an gama, shi yasa nake cewa kar ka ɓata su da hira. Kayi shiru kaji ɗigon ruwa na faɗowa ɗis ɗis daga rufin kogon, ka leƙa ƙasa kaga ruwan garau har hoton duwatsun sama ya fito a ciki kamar madubi, wani wajen rufin yana yin ƙasa sai ka ɗan sunkuyar da kai. Wani Ba'amurke mai suna William Thomson ne ya shiga wannan kogon a 1836, aka buɗe shi ga jama'a a 1958, yaƙin basasa yasa aka rufe, sai 1995 aka sake buɗewa.

Kuma ka sani ruwan nan da kake kai shi mutanen Bairut da yawa suke sha, kar ka jefa komai a ciki, ko ɓawon alawa. In da yara kazo ka riƙe hannunsu tun daga bakin shiga kwale-kwalen har a fito.