Darasi na 9: Tafiyar Ƙafa da Kwanan Daji a Lokacin Hunturu

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke kaɗawa a Kano. Daga hamadar Sahara take tasowa, ta zo da ƙura da hazo. Da rana sai ka rantse babu sanyi, amma da asuba ko ruwan alwala sai an ɗumama. To, wanda ke kwana cikin ɗaki a Fagge ko Gwammaja, ƙofa a rufe, bargo a jiki, bai san hunturu ba tukuna. Wanda ya kwana a fili bayan gari shi zai ba da labari.

Wannan darasi na masu irin wannan tafiya ne: mafarauta, da masu shiga ƙauyukan da mota ba ta kaiwa don sayen hatsi bayan kaka, da samarin da ke son hawan duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, ko na Shere a kusa da Jos.

Ku fara riƙe wannan. Duk yadda ka ƙara hawa sama, haka sanyi ke ƙaruwa. Idan ka hau mita 1,000, zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6. Birnin Kano bai kai mita 500 a kan teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200. Tsaunin Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Kayan da suka ishe ka a Kofar Mata ba za su ishe ka a can ba.

Gumi shi ne abokin gaba

Ni kaina na sha wuya kafin na gane wannan. Tafiyata ta farko zuwa duwatsun Riruwai, tun da sassafe na zuba singileti ta auduga, na ɗora riga, na ɗora suwaita mai kauri, ban cire ko ɗaya ba har la'asar. Muna hawa ina gumi, ina jin daɗi wai sanyi bai same ni ba. Rana na faɗuwa iska ta taso. Rigar da ta jiƙe ta manne mini a baya kamar an liƙa ƙanƙara, haƙorana suka shiga haɗuwa, ko ashana na kasa ƙyastawa. Dattijon da ke mana jagora ya haska ni da tocila.

"Ɗana, cire rigar nan ta ciki."

"Baba, sanyi fa nake ji."

"Ita ce sanyin. Cire."

Ya ba ni wata busasshiyar riga daga buhunsa, ya miƙo mini shayi mai citta. Kafin isha'i na dawo hayyacina.

Auduga tana shan gumi ta riƙe, ba ta bushewa da wuri, jiƙaƙƙen tufafi kuwa jan ɗumin jiki yake yi. Masu tafiya cikin dusar ƙanƙara a Kanada da Turai ma abin da suke gudu ke nan. Don haka a sa kaya hawa uku marasa nauyi maimakon ɗaya mai kauri. Na ciki ya zama irin yadin rigar 'yan ƙwallo, mai saurin bushewa. Na tsakiya suwaita ta ulu. Na waje jaket mai tare iska. Idan tafiya ta yi tafiya jiki ya ɗumama, ka cire na waje ka ɗaure a jaka tun kafin gumi ya keto. Da ka tsaya hutawa ka mayar, kada ka jira sai ka fara rawar ɗari.

Duk waɗannan akwai su a wajen 'yan gwanjo na Kofar Wambai, ba sai ka kashe kuɗi mai yawa ba. A wuyan riga ko a gefenta akwai 'yar takarda da ke faɗin irin zaren da aka yi ta da shi. Malami zai rubuta muku kalmar auduga da ta ulu da Turanci a allo, ku kwafa a littafinku, ku tafi da shi kasuwa. Ga amfanin karatu nan tun ba a je ko'ina ba.

Hular sanyi mai rufe kunne, da rawani ko mayafin da za a rufe hanci saboda ƙura. Safa ƙafa uku: ɗaya a ƙafa, ɗaya ta canji, ɗaya kuma ta barci ce kawai, ba a tafiya da ita.

Sabon takalmi ba ya zuwa daji. Idan ka saya, ka yi mako biyu kana yawo da shi, ka hau Dutsen Dala ko Goron Dutse da jakarka a baya sau biyu ko uku. Inda ya matse ka za ka ji tun kana cikin gari. A hanya kuwa, da ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, tsaya ka manna filasta kafin ya yi bororo. Da dare a shafa man kaɗanya a dunduniya da leɓe saboda faso. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa, kunama ma ɗumi take nema.

Wurin kwana

Mutane bargo suke tunawa, su manta da shimfiɗa. Alhali ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin mai barci. Tabarma kaɗai ba ta isa. A sa kwali a ƙarƙashinta, ko a cika buhu da busasshiyar ciyawa a kwanta a kai. A nemi wurin da dutse ko bishiya ya tare iskar gabas da arewa, don ta nan hunturu ke bugowa. Kada a kwana a cikin kwari, sanyi can yake gangarawa ya taru da asuba.

Abu ɗaya kuma ban yarda a yi wasa da shi ba: kada a shigar da kaskon gawayi cikin tanti ko bukka a rufe. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Mutum yakan yi barci ne kawai ya wuce. A ji ɗumi a waje, a kashe wutar da ƙasa ko ruwa har sai an taɓa tokar an ji ta yi sanyi. Ciyawar hunturu kamar fetur take, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonar wani.

Guzuri

A nan kakanninmu sun gama mana aiki. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a ƙafa ba su da firji, sun san abincin da ba ya lalacewa kuma ba ya da nauyi. Ƙuli-ƙuli da garin rogo da ɗan sukari, ka jiƙa da ruwa ka sha, ba ka hura wuta ba. Kilishi da dambun nama suna kwanaki idan sun bushe sosai. Dakuwa, soyayyiyar gyaɗa, dabino, aya. Abinci mai mai irin gyaɗa ya fi riƙe ciki a cikin sanyi, domin da abin da ka ci jiki ke hura wutarsa. Wanda ya kwanta da yunwa ya fi jin ɗari.

Ka zuba dabino da gyaɗa a aljihun gaba, kana tafe kana ɗan jefawa a baki. Da dare a ci abu mai zafi, ko taliyar 'yan yara ce da yajin ƙuli, a bi da shayi mai citta da kanumfari. Gwangwani da doya da ɗanyar shinkafa a bar su a gida. Nauyinsu ya fi amfaninsu, shinkafa kuma ga cin itace ga cin ruwa.

Ruwa ne ke yaudarar mutane. Saboda sanyi ba a jin ƙishirwa, amma busasshiyar iskar nan tana tsotse ruwan jiki. Idan fitsari ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci. Ruwan rafi ko na kududdufi a tace da tsumma mai tsabta, a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka. Idan gudawa ta kama wani, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. Ledar fiya wata biyu ita ce lita 1.

Kafin a fita

Kada mutum ya tafi shi kaɗai. A gaya wa mutanen gida inda za a da ranar dawowa. Idan aka isa ƙauyen ƙarshe a gaishe da mai unguwa ko dagaci, a tambayi lafiyar hanya, a nemi ɗan gari ya yi jagora. Dajin Falgore gandun gwamnati ne, ba a faɗa masa haka kawai sai da izinin hukuma. In mutanen gari suka ce kada a shiga wuri, a juya. Ashana a ƙulle ta a leda. Waya a sa ta a aljihun ciki, don sanyi na saurin shanye caji.

Idan abokin tafiya ya fara karkarwa ba tsayawa, yana tuntuɓe, maganarsa tana harɗewa, sanyi ya shige shi. A tsaya nan take, a canza masa busassun kaya, a raba shi da ƙasa, a lulluɓe shi har kai. In yana iya haɗiya a ba shi abu mai ɗumi da sukari, sannan a nemi hanyar asibiti.

Aikin yi

Masana tafiyar ƙafa sukan ce kada kaya su wuce kashi 1 cikin 5 na nauyin mai ɗauka. Mutum mai kilo 60, jakarsa ta tsaya a kilo 12. Lita 1 ta ruwa kuwa kilo 1 ce. Idan wannan mutum ya ɗauki ruwa lita 3, bargo da tabarma kilo 3, tufafi kilo 2, kilo nawa ya rage masa na abinci da tukunya da tocila?

Ku rubuta sunayen abinci biyar da za ku saya a Kasuwar Rimi don tafiyar kwana uku, kowanne da kuɗinsa a gabansa, ku haɗa jimla. Ku zo da littafin ranar darasi na gaba.