Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa sabar talla da bidiyon intanet

Garin da ke da Hukumar Fina-finai ta Najeriya da kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield ba zai rasa gwanayen ɗaukar hoto da tace bidiyo ba. Inda nake ganin matasanmu na Jos suna tuntuɓe shi ne ranar da tasharsu ta intanet ta yi jama'a, aka ce a haɗa ta da sabar talla, wato kwamfutar da ke raba talla ta intanet, don kuɗi ya fara shigowa. Yawancin kiran da nake samu, sabar lafiyarta ƙalau. Matsalar tana tsakaninta da wayar mai kallo.

Sabar talla irin Google Ad Manager ba bidiyo take aikowa ba. 'Yar takarda take aikowa mai suna VAST, tsarin da IAB, ƙungiyar masu harkar tallar intanet, ta fitar a 2008, wadda ke faɗin inda bidiyon tallar yake, tsawonsa, da adireshin da za a sanar idan an fara kallo, an kai rabi, ko an gama. Ko dai wayar mai kallo ta karɓi takardar ta ɗauko tallar da kanta, ko a ɗinke tallar cikin shirin tun daga saba, wato SSAI.

Kuskure na farko shi ne gwaji a ofis. Mutum yana zaune kusa da wayifai, da babbar kwamfuta, talla ta fito tsaf, sai ya ce aiki ya kammala. Alhali mai kallonsa yana Unguwar Rogo ko Gangare da ƙaramar Android, yana lallaɓa datar da ya saya. Idan fayil ɗaya tak aka ɗora, mai nauyin 1080p, wayar za ta yi ta juyi. Manhajar IMA ta Google, wadda ke ɗauko talla a wayar mai kallo, kan jira daƙiƙa 8, idan bidiyon bai taso ba ta haƙura, ta rubuta kuskure mai lamba 402. Lamba 403 kuma tana nufin wayar ba ta sami nau'in fayil ɗin da za ta iya kunnawa ba. Gyaran ba wuya: a fitar da kowace talla a MP4 mai H.264, a matakai uku ko huɗu, har da 360p. Sannan a ɗauki waya mai araha, a kashe wayifai, a gwada bayan Isha'i lokacin da kowa ya hau layi.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai, wato inda tallar take faɗowa. Da azumi wasu bayin Allah suka kira ni, suna watsa tafsiri kai tsaye, sun saita talla ta riƙa shigowa duk bayan minti goma. Agogo bai san aya ba. Alaramma yana tsakiyar jan baƙi sai talla ta katse shi, kuma tallar cacar ƙwallo ce. Kafin a sha ruwa hoton ya zaga WhatsApp. Wallahi ba da gangan suka yi ba, amma wa zai tsaya jin bayani?

Kurakurai biyu ne a nan. Shirin kai tsaye ba a barin agogo ya yanke masa hutu. Akwai alama mai suna SCTE-35 da injin tura hoto yake sakawa cikin shirin, mai kula da shiri ne zai danna ta idan malam ya kai gaɓa ko mai gabatarwa ya ce a dakace mu. Idan injinka bai iya fitar da ita ba, ka tsaya ga tallar farko kafin shiri ya soma. Sai kuma tace irin tallar da ke shigowa. Duk wanda ya buɗe ƙofa ga kasuwar talla ta waje, dole ya shiga sashen kariya ya toshe caca, barasa da shafukan neman abokan soyayya tun kafin ranar farko, kuma ya riƙa leƙa tallolin da suka fito kowane mako, don wasu kan shigo da lakabin da ba nasu ba. Tallar ɗan kasuwar gida kuwa, a tambaye shi shaidar tantancewar ARCON, hukumar da dokar 2022 ta ɗora wa kula da talla a ƙasar nan.

Masu ɗinke talla daga saba suna da nasu kurakuran. Tsarin HLS yana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, galibi daƙiƙa 6 kowanne. Idan alamar hutu ta faɗi a tsakiyar gunduwa, ko aka manta layin EXT-X-DISCONTINUITY, mai shaida wa waya cewa an sauya bidiyo, a farko da ƙarshen talla, hoto zai daskare ko murya ta riga baki. A sa injin ya fara sabuwar gunduwa daidai kan alamar. Haka kuma, tunda saba ce ke roƙon talla a madadin kowa, idan ba a tura adireshin IP na mai kallo, wato lambarsa a intanet, ta layin X-Forwarded-For tare da bayanin irin wayarsa ba, duk jama'arka za su bayyana kamar mutum ɗaya a wata ma'ajiyar bayanai a Turai. Masu sayen talla za su ɗauka magudi ne, su janye.

Akwai ƙananan da ke cin yini guda a banza. Shafi yana HTTPS amma adireshin talla yana HTTP, burauza za ta toshe shi. Tun 2018 Chrome galibi ba ya barin bidiyo mai sauti ya tashi da kansa sai mai kallo ya taɓa shafin, don haka a fara shi a kashe murya. Lambar correlator, wadda ke bambanta wata ziyarar shafi da wata, idan ba ta sauyawa, lissafi zai rikice. Fayil ɗin ads.txt, mai jera waɗanda aka yarda su sayar da gurbin talla a shafinka, idan babu shi, manyan masu saye ba za su taya ba. Ƙarar talla kuma a daidaita ta da ta shiri, kada a razana dattijon da ya sa abin kunne.

Ba kowane hutu ne ake samun mai saye ba. Idan ka ga lamba 303 ko 1009, amsa ce ta zo babu talla a ciki. Ka tanadi tallar gida ta daƙiƙa 15 ko 30, ko da sanarwar shirin gobe ce, ka sa ta a mafi ƙarancin fifiko, ta riƙa cike gurbin maimakon baƙin allo.